Wasan bidiyo da adabi: wane batu za ka ɗauka don kundin masta a Yamai?

Wata ƙanwata da ke shekarar ƙarshe ta masta a fannin adabi, can Harobanda, ta zo mini da takarda ɗauke da batutuwa biyar, duka a kan wasan bidiyo da adabi. Ta ce, "Yaya, ka zaɓa mini ɗaya, kaina ya ɗaure." Ban zaɓa mata ba ranar nan. Muka zauna muna juya takardar har shayi na uku ya huce. Abin da muka tattauna shi na tsara a nan, don na san akwai irinta a Jami'ar Abdou Moumouni da ta Djibo Hamani a Tawa, waɗanda suka tashi da manet ɗin buga wasa a hannu ɗaya, littafi a ɗayan, suna son haɗa su a memuwar guda, wato kundin masta.

Ma'aunin da za a auna kowane batu

Na farko kuɗi. Sabon babban wasa yakan fito a kan Yuro 60 zuwa 70, wato jika 39 zuwa 46 a kuɗinmu, tunda Yuro ɗaya ya kusa sefa 656. Wannan kuɗin wasan ne kawai. Ga kwamfutar da za ta iya ɗaukarsa, ga forfen sauke gigabait 50 ko fiye, ga katin banki na biyan kuɗi ta intanet, wanda ba kowane ɗalibi ke da shi ba.

Na biyu sauƙin samun kayan aiki, kuma nan ne gizo ke saƙar. Wasan da ba ka buga da hannunka ba, ba ka karanta shi ba. Kallon wani yana bugawa a YouTube kamar a ba ka labarin daɗin kilishi ne. Wasa kuma ba shi da lambar shafi: dole ka ɗauki bidiyon allonka lokacin da kake bugawa, da manhaja irin OBS Studio wadda kyauta ce, ka rubuta sigar wasan da ranar da ka buga da mintin da abin ya faru, ka zuba su a kile (USB) ka haɗa da kundi. Juri ba za su zauna su buga awa 40 don su gaskata ka ba.

Na uku malamin da zai ja ragamar aikin. Kada ka tsaya neman wanda ya ƙware a wasan bidiyo. Nemi wanda ya ƙware a rabin batun, ko adabin baka, ko ilimin tsarin labari, ko adabin kwatance, ka ɗauki nauyin ɗaya rabin a wuyanka. Batun da babu malamin da ya ga kansa a cikinsa, a teburin shugaban sashe zai kwana.

Na huɗu ɗorewa, ta fuska biyu: shin wasan zai kasance yadda yake har ranar sutanans, wato ranar kare kundi a gaban juri, kuma shin batun zai iya ɗaukarka zuwa dakta ko ya buɗa maka ƙofar aiki? Na biyar haɗari, wato abin da zai iya rushe aikin ana tsakiyar tafiya.

Akwai karatun da kowane batu zai buƙata, gara a faɗe shi tun yanzu. Tun ƙarshen shekarun 1990 masana ke ja-in-ja: wasu na cewa a nazarci wasa kamar labari, wasu na cewa wasa dokoki ne da aikin ɗan wasa, labari kwalliya ce a kai. A 1997 Espen Aarseth ya fitar da Cybertext, inda ya yi bayanin rubutun da sai mai karatu ya yi aiki na gaske kafin ya ratsa shi. A shekarar ce kuma Janet Murray ta fitar da Hamlet on the Holodeck. Mujallar Game Studies, da aka fara a 2001, kyauta ce a intanet amma da Turanci take. Sciences du jeu da Faransanci take, ita ma kyauta. Wanda bai nuna ya san wannan muhawara ba, tambayar farko ta juri za ta kayar da shi.

Batu na ɗaya: littafi ya koma wasa

Shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma malamai suka fi saurin ganewa, domin adabin kwatance sananne ne, kuma Palimpsestes na Gérard Genette, na 1982, ya riga ya ba da kayan awo. A takardarta ƙanwata ta sa The Witcher, wasannin ƙasar Folan da aka gina kan littattafan Andrzej Sapkowski. Na ce mata ta ajiye. Littattafan sun haura bakwai, da harshen Folan aka rubuta su, don haka fassara za ta nazarta. Wasannin ba maimaita littattafan suke ba, ci gaban labarin ne. Na ukunsu kaɗai, na 2015, yana cin awa 50 kafin a kai ƙarshen babban labari, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da wuta ke zuwa tana komawa, na'ura na zafi kamar tanda, wannan aikin ba na wata shida ba ne.

In har wannan hanya kake so, ɗauki ƙaramin abu mai zurfi. Misali 80 Days, wanda kamfanin inkle ya fitar a 2014, Meg Jayanth ta rubuta, an gina shi kan labarin Jules Verne na zagaya duniya a kwana 80, wanda ya fito littafi a 1873. Littafin kyauta ne a intanet, da Faransanci, harshen da aka rubuta shi. Wasan yana tafiya a salula, kuɗinsa bai kai Yuro goma ba. Abin nazari kuwa jingim: a wasan kai ne bawan, Passepartout, ba maigidan ba, kai ke zaɓen hanya cikin birane fiye da 100, kuma marubuciyar ta juya kallon mulkin mallaka da ke cikin littafin, har matar da aka ceto a Indiya ta daina zama mai jiran a cece ta. Cikas ɗaya ne, babba: da Turanci yake, kalmomi fiye da dubu 500. Wanda Turancinsa na gaisuwa ne, ya hakura.

Batu na biyu: wasan da shi kansa adabi ne

A nan babu littafin da za a jingina da shi. Tambayar ita ce yadda labari ke tafiya idan mai karatu ne ke riƙe da linzami: wa ke ba da labarin, yaya lokaci ke gudana, mene ne ƙarshe idan ƙarshen ya yi yawa. Misalin da ya dace da mu shi ne Enterre-moi, mon amour, na 2017, wanda tashar Arte ta sa hannu a kai. Wata mata, Nour, ta bar birnin Homs na Siriya ta nufi Turai, mijinta Majd ya zauna gida, duk labarin kuma saƙonnin salula ne tsakaninsu, kai ke amsawa a matsayin mijin. Yana da ƙarshe 19. Ɗan ƙasar da Agadas ke cikinta ba ya buƙatar a yi masa bayanin nauyin irin wannan jira. Da Faransanci yake, ba shi da tsada, ana gama zagaye ɗaya cikin ƴan awoyi.

Sai dai shi ne batun da ya fi son kai mai ɗaukar ka'idoji. Za ka ɗauki Genette, ka nuna inda kayan awonsa suka yi aiki da inda suka gaza. Kuma ka shirya wa tambayar nan, domin tabbas wani a juri zai yi ta: "To, ina adabin yake?" Wasannin salula kuma sukan ɓace daga kantin manhaja idan aka daina sabunta su. Kafin ka rubuta sunan wasa a takardar neman izinin batu, sauke shi, ka tabbata yana buɗewa a na'urarka, ka fara ɗaukar bidiyo a makon nan.

Batu na uku: yadda wasannin waje ke zana mu

Nan na ga idon ƙanwata ya buɗe. A 2021 aka ƙara wa Age of Empires III: Definitive Edition wani sashe mai suna The African Royals, aka sa Hausawa da Habashawa cikin al'ummomin da ake bugawa. Birnin Hausawa a wasan Kano ne, shugabarsu Sarauniya Amina. Akwai mahaya masu lifidi, akwai mayaƙi mai suna Maigadi, akwai maroƙa, akwai cinikin shanu, kuma dakarun da Hausa suke amsa umarni. A 2025 Amina ta sake fitowa cikin shugabannin Civilization VII. Tun 2010 kuwa Askiya na Songai yana cikin Civilization V.

Aikin shi ne ka ajiye wannan Amina kusa da Aminar da muka gada: ta cikin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ta cikin Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ta bakin mutane, mai kirarin "Amina ƴar Bakwa ta san rana". Madogaran nan ma ba su daidaita kan zamaninta ba, wasu na kai ta ƙarni na 15, wasu na 16. Me wasan ya ɗauka, me ya zubar? Idan aka mayar da sarauniya jerin lambobi, ƙarin ƙarfin yaƙi kaza, ƙarin dukiya kaza, wane labari ne dokokin ke bayarwa wanda rubutun allon bai faɗa ba? Kuma Hausar da dakarun ke yi, ta wace ƙasa ce, wa ya rubuta ta? Wannan tambaya ta ƙarshe babu wani ɗalibi a Faransa ko Amurka da zai amsa ta kamar kai.

Ana iya faɗaɗawa da kwatance na cikin gida. Abdoulaye Mamani ya ɗauki Sarauniyar Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya mayar da ita jarumar littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986. Marubuci ɗan ƙasa ya sake ƙera sarauniya don wata manufa, kamfanin waje ya sake ƙera wata don kasuwa. Aje su gefe da gefe kaɗai ya isa babi. Wanda ke son jin muryar Afirka a wasa yana iya ƙarawa da Aurion, wanda Kiro'o Games na Kamaru suka fitar a 2016.

Kuɗi matsakaici ne: sai ka sayi ƙarin sashen da Hausawa ke ciki, kuma kwamfuta ake buƙata, ko da ba mafi ƙarfi ba. Kantin Steam yakan karya farashi sau da yawa a shekara, a jira lokacin. Haɗarin kuwa biyu ne. Irin waɗannan wasanni ba su da labari mai yawa, don haka kayan nazarinka gajerun rubuce-rubuce ne da muryoyi da dokoki; in ba ka iya karanta dokoki a matsayin magana ba, shafi 20 za ka ƙare. Na biyu, aikin yana saurin zamewa ya koma jerin ƙorafi, "nan sun yi kuskure, can sun yi ƙarya". Wannan gyaran jarrabawa ne. Juri na son su ji me ya sa aka zana mu haka, da abin da zanen ke yi wa mai bugawa.

Batu na huɗu: tatsuniya da tsarin wasa

Ba zan ɓoye ba, wannan na fi so, kuma a nan muka fi daɗewa.

Ka tuna tatsuniyar ƴar bora da ƴar mowa. An tura ƴar bora wanki a ruwa mai nisa. A hanya ta gamu da abubuwan al'ajabi, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da aka sa ta, aka ce ta zaɓi ƙwai, ta ɗauki wanda bai kira ta ba, ta dawo da arziki. Sai ƴar mowa ta bi hanyar nan ɗin dai, ta gamu da abubuwan nan ɗin dai, ta yi rashin kunya, ta ɗauki ƙwan da ya fi girma, ta gamu da abin da ta gamu da shi. Duk wanda ya taɓa buga wasa ya san wannan fasali: hanya ɗaya, mararraba iri ɗaya, an bi ta sau biyu da zaɓi daban, an sami ƙarshe biyu. Kakanninmu sun daɗe suna ba da labari mai rassa, sai dai mai tatsuniya ce ke buga zagayen biyu da kanta, yara na kallo. Ga kuma tatsuniyoyin da ke ƙarewa da tambaya, "a cikinsu wa ya fi?", inda ake miƙa wa masu sauraro hukunci, gardama ta kaure har barci ya raba. Ga waƙar da ake amshi, ga Gizo da ke cin nasara ta hanyar lanƙwasa doka, abin da ƴan wasa ke yi kullum.

To ina zaɓi yake a tatsuniya, a hannun wa? Me ke faruwa da darasin tatsuniya idan aka ba yaro dama ya zama ƴar mowa da gangan, don ya ga abin da zai faru? Wannan tambaya ce ta bincike ta gaske, kuma tana tsaye kan ƙafa biyu masu ƙarfi: Vladimir Propp, wanda ya rarraba ayyukan jaruman tatsuniya tun 1928, da Roger Caillois, wanda ya rarraba ire-iren wasa a 1958.

Kayan aiki suna kusa. Cibiyar CELHTO, mai kula da adabin baka, a Yamai take, IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, ita ma haka. Tarin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 yana nan ga mai neman tsohuwar siga. Littafin Ruth Finnegan kan adabin bakan Afirka, na 1970, an sake shi kyauta a intanet tun 2012. Fiye da duka, akwai goggo da kaka a Adar da Arewa da Gobir, waɗanda za ka ɗauki muryarsu da izininsu. Don kwatance akwai Never Alone, na 2014, wanda mutanen Inupiyat na Alaska suka yi tare da masu ƙera wasa, kan tatsuniyarsu, da muryar mai ba da labari cikin harshensu. A gida ma akwai Les Héros du Sahel, wasan salula da aka ƙera a Yamai. Masu irin wannan aiki ana iya zama da su a yi hira, abin da ba zai yiwu da kamfanin Folan ba.

Sai kwaɗayin da ke biyo baya: "bari in ƙera wasan da kaina." Ana iya yi. Twine, manhajar rubuta labari mai rassa, kyauta ce, ba ta buƙatar sanin shirya manhaja, tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, abin da take fitarwa kuma fayil ɗaya ne da ke buɗewa a salula ba tare da intanet ba, har ta WhatsApp ana tura shi. Amma a yi hattara. Makin kundi ake bayarwa, ba na wasa ba. Na ga wanda ya kwashe wata huɗu yana gyaran hotuna da sauti, babin ka'ida yana nan fari fat. In za ka ƙera, ƙera ƙarami: tatsuniya ɗaya, mararraba biyar ko shida, ka ba mutum goma su buga, ka rubuta abin da suka zaɓa da abin da suka ce. Kuma ka sa malaminka ya amince da wannan sashe a rubuce tun farko, kada ranar sutanans a ce maka nan ba sashen kwamfuta ba ne.

Batu na biyar: bakin ƴan wasa

A fadodi da ɗakunan PlayStation na unguwanni, matasa masu buga ƙwallo da Free Fire da PUBG Mobile suna yi wa kansu kirari, suna zambo, suna ba da labarin fafatawar jiya kamar an dawo daga yaƙi. Tattara wannan magana aiki ne mai daɗi, mai araha, kuɗin kabu-kabu da sukarin shayi ne. Matsalarsa, yana zamewa cikin ilimin zamantakewa, wasannin suna canzawa duk ƴan watanni, kuma yawancin masu bugawa yara ne, sai da izinin iyaye. Ya fi dacewa da ɗalibin harshe. A sashen adabi, babi ɗaya zan ba shi, ba kundi ba.

| Batu | Kuɗi | Sauƙi | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Littafi ya koma wasa | Kaɗan in ƙaramin wasa ne, mai yawa in babba ne | Malami na saurin yarda | Mai kyau | Girman aiki, Turanci |
| Wasa a matsayin adabi | Kaɗan | Ka'ida mai nauyi | Wasan salula na iya ɓacewa | "Ina adabin?" |
| Zanenmu a wasannin waje | Matsakaici, sai da kwamfuta | Madogara na nan | Mai kyau, har dakta | Komawa jerin ƙorafi |
| Tatsuniya da tsarin wasa | Kaɗan, sai kuɗin mota | Kaya da malamai na kusa | Mafi kyau | Ƙira ta cinye rubutu |
| Bakin ƴan wasa | Kaɗan ƙwarai | Tattarawa sauƙi, nazari wuya | Rauni | Fita daga adabi |

Wa ya dace da wanne

In salula kaɗai gare ka, bursi kuma ba ta isa komai, zaɓinka tsakanin na biyu da na huɗu ne. Mai son zama da littattafan ka'ida ya ɗauki na biyu. Mai dangi a ƙauye da kunnen sauraro ya ɗauki na huɗu.

In wata shida suka rage maka kuma kana son hanya mai alama, na ɗaya, da sharaɗin littafi ɗaya da wasa ɗaya, Turancinka kuma ya tsaya da ƙafarsa. In kana hangen dakta, ko neman gurbin karatu a waje inda za a tambaye ka me za ka kawo wanda ba su da shi, na uku ko na huɗu, domin a cikinsu Hausarka jari ce. Wanda ke da kwamfuta, yana son tarihi, yana iya karanta Larabci ko ajami ko da kaɗan ne, na uku nasa ne. Wanda ke tunanin koyarwa, ko aiki da masu shirya littattafan yara da manhajojin harsunan gida, ƙaramin wasan Twine da ke haɗe da kundi na huɗu abu ne da zai iya nunawa a wayarsa ranar neman aiki.

Ƙanwata ta soke uku nan take, ta tsaya tsakanin Amina da ƴar bora. Kwamfutarta tsohuwa ce, kakarmu kuma tana Tawa da bakinta da ƙwaƙwalwarta. Ta tafi hutun da ya wuce da salula da ƙaramin littafin rubutu, ta dawo da siga uku na tatsuniyar, kuma a ɗaya daga ciki ba ƙwai aka ba yaran su zaɓa ba, ƙorai ne. Babinta na biyu daga nan ya fara.